Kwana Shida a Wata: Yadda Aka Gano Ranakun da Ciki Ke Shiga

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure wa likitocin Turai kai a ƙarni na 19. Ma'aurata su zo da kukan rashin haihuwa, likita ya ce su mai da hankali ga ranakun da ke kewaye da haila, domin a nan ne mace ke ɗaukar ciki. Wata ya bi wata, da yawansu shiru. Wasu kuma su zo neman tazara saboda uwargida ta galabaita da haihuwa, likita ya ce su jira tsakiyar wata, nesa da jini, wai a lokacin babu abin da zai shiga. Ba a daɗewa sai ga su sun dawo da juna biyu. Mai nema bai samu ba, mai gudu kuma ya faɗa. Ina aka yi kuskuren lissafin?

Likitocin nan ba da ka suke magana ba, suna da hujjarsu. A shekarar 1827 wani masani mai suna Karl Ernst von Baer ya ga ƙwan haihuwa na dabba mai shayarwa a karon farko, kuma a jikin karya ya gan shi. Kowa ya san karya takan yi ɗan jini idan lokacin barbararta ya gabato, kuma a wannan tsakanin take ɗaukar ciki. Sai masana suka ce ai haka abin yake ga 'ya mace: jinin haila shi ne alamar ƙwai ya nuna. Maganar ta shiga hankali, aka rubuta ta a littattafai, aka yi ta koyar da ita shekara da shekaru. Jikin matan ne kawai ya ƙi gaskata ta.

Wata alama ta ɓullo daga inda ba a zata ba, wato Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Jamus sukan samu hutun 'yan kwanaki su zo gida, sannan su koma fagen daga. Wasu likitoci suka lura cewa wannan dama ce da ba a taɓa samu ba: idan matar soja ta samu ciki, an san 'yan kwanakin da mijinta ya yi a gida, an kuma san ranar da ta ga jininta na ƙarshe. Da aka tattara bayanan, sai aka ga cikin ya fi shiga ne bayan ɗaukewar haila zuwa wajen tsakiyar wata, yana kuma yin ƙaranci ƙwarai a kwanakin da ke dab da zuwan jini. Tsohon zance ya fara rawa. Amma ba a kai ga amsa ba, domin ranakun sun warwatsu: wannan ta samu da wuri, waccan sai can gaba. Babu rana guda da za a nuna a ce ita ce.

Wanda ya kwance wannan ƙulli likitan mata ne a birnin Niigata na ƙasar Japan, Kyusaku Ogino. Aikinsa ya haɗa da tiyatar ciki, don haka yakan ga ma'ajiyar ƙwan mace da idonsa, ya gane ko ƙwan wannan watan ya fita ko bai fita ba tukuna. Ya riƙa rubuta abin da ya gani, yana haɗa shi da ranakun hailar kowace mace. Muddin aka ƙirga daga ranar da jinin baya ya zo, kamar yadda kowa ke yi, lissafin ba ya tsayuwa. Sai ya juya ƙirgar. Ya daina tambayar kwana nawa ke nan da wucewar haila, ya koma tambayar kwana nawa ya rage kafin mai zuwa. Nan take ranakun da suka warwatsu suka taru wuri ɗaya: ƙwai na fita ne kwana 12 zuwa 16 kafin haila ta gaba, ko zagayen matar gajere ne ko dogo. Ya wallafa wannan a 1924. Bayan 'yan shekaru wani likita a birnin Graz na Ostiriya, Hermann Knaus, ya bi wata hanya daban ya iso kusan wuri ɗaya. Abin da ya fi burge ni game da Ogino shi ne niyyarsa: masu neman haihuwa yake so ya taimaka wa, ko da yake daga baya duniya ta fi sanin lissafinsa a matsayin hanyar tazara.

Da wannan aka gane inda karya ta ɓatar da masana. Jininta na zuwa ne kafin ƙwai ya fita. Na mace kuwa yana zuwa ne bayan ƙwai ya fita da kimanin mako biyu, bai haɗu da maniyyi ba, sai mahaifa ta zubar da shimfiɗar da ta tanada domin ɗa. Dalilin da ya sa wannan mako biyun ba ya cika sauyawa shi ne, gurbin da ƙwan ya bari yakan zama wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa, mai fitar da sinadarin da ke riƙe shimfiɗar mahaifa. Kwanakinsa ƙidayayyu ne. In ciki bai shiga ba sai ya motse, jini ya biyo baya. Kashin farko na wata, daga haila zuwa fitar ƙwai, shi ne mai tsawo da gajarta. Zazzaɓi na iya ja masa, haka tashin hankali, yunwa, shayarwa, ko ƙiba mai yawa.

Sai dai amsar Ogino ta zo da tata matsalar. Ta yaya mace za ta ƙirga baya daga ranar da ba ta zo ba tukuna? Wadda al'adarta ke zuwa a kan ƙa'ida za ta iya kintata. Sauran fa? Aka koma neman alama a jikin matar kanta. Tun farkon ƙarni na 20 wani likita ɗan ƙasar Holan, Theodoor van de Velde, ya lura cewa zafin jikin mace yakan ɗan ɗaga a kashi na biyu na wata, abin da bai cika wuce rabin digiri ba. Alama ce ta gaskiya, amma tana bayyana ne bayan ƙwai ya riga ya fita, wato labarin abin da ya wuce take bayarwa. Alamar da ke zuwa da wuri ita ce wadda John Billings ya fara bibiya a birnin Melbourne na Ostareliya daga 1953, daga baya matarsa Evelyn, ita ma likita, ta shiga aikin. Ruwan da ke fitowa daga bakin mahaifa yana sauya kama a cikin wata. Bayan tsarki mace kan ji bushewa, sannan ruwan ya zo da kauri yana danƙo, sannan 'yan kwanaki kafin ƙwai ya fita ya koma garai-garai mai santsi, yana yauƙi kamar farin ƙwai ɗanye. Da yawa daga cikin matanmu sun san wannan ruwa, amma suna ɗaukarsa ciwon sanyi ne, har su nemi maganin tsayar da shi. Matuƙar babu wari, babu ƙaiƙayi, babu sauyin launi, wannan ruwa lafiya ce, kuma shi ne ke ciyar da maniyyi ya buɗe masa hanya zuwa mahaifa.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce ta fi wuya. Ƙwan mace ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan ya fita. In haka ne, ashe rana ɗaya tak ke nan a wata? To me ya sa ake samun ciki daga saduwar da aka yi kwanaki kafin wannan rana? An daɗe ana hasashe, sai a 1995 Allen Wilcox da abokan aikinsa a jihar North Carolina ta Amurka suka fitar da amsa mai lamba. Mata 221 masu neman ciki suka yarda su riƙa ba da fitsarinsu kowace safiya domin a gano ranar fitar ƙwai, suna kuma rubuta ranakun da suka sadu da mazajensu. Aka samu ciki 192. Da aka jera su, dukkansu sun faɗa cikin kwana shida: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Saduwar da aka yi saura kwana biyar na da damar kusan kashi 10 cikin 100, ta ranar kanta kuma kusan kashi 33, kuma kwana ukun ƙarshe su ne mafiya ƙarfi. Bayan ranar kuwa ƙofa ta rufe. Sirrin yana wajen maniyyi, wanda ke iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace idan ruwan nan mai yauƙi yana nan. Shi ne ke riga zuwa ya jira ƙwai. Ƙwai ba ya jiran kowa.

Waɗannan masu bincike sun sake duba bayanansu a shekarar 2000, suka ga kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na matan kwanakinsu shida suka faɗa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17. Don haka zancen nan da ya yaɗu na "rana ta 14" bai dace da kowa ba. Idan aka ɗauki ranar farko ta jini a matsayin rana ta 1, mai zagayen kwana 28 ƙwanta kan fita wajen rana ta 14, mai kwana 35 wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10.

A tsaya a kan wannan ta ƙarshe, domin a nan ne binciken ya shigo cikin gidajenmu. Mai zagayen kwana 24, kwanakinta shida sun fara daga rana ta 5 zuwa ta 10. In jininta na kai kwana 7 ko 8, to bayan ta yi wankan tsarki kwana biyu ko uku kacal suka rage mata. A ce maigida direban babbar mota ne, yana hanyar Legas a lokacin. Ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci a wani gari, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Ko kuwa gida ne mai mata huɗu da ake kwana bibbiyu, girki ba ya zagayowa sai bayan kwana shida. Wannan baiwar Allah na iya shekara biyu lafiyarta ƙalau, mijinta lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa dacewa da ranakunta ba. Kafin nan an fara ƙus-ƙus, dangin miji sun fara kiranta juya, ta sha saiwoyi da jiƙe-jiƙe iri-iri, an ce iska ce, an ce sammu ne. Wannan abu yana yi mini ciwo, domin maganinsa bai wuce kalanda da fahimtar juna ba. Maigida na iya daidaita tafiyarsa da ranakun. Abokan zama kuma na iya musayar kwana da yardar juna, abin da ke da asali a addini, tunda Nana Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta.

Wanda lissafi ke rikita shi, akwai hanya mai sauƙi da likitoci ke ba da shawara: saduwa duk bayan kwana biyu ko uku tun daga tsarki, wadda da wuya ta tsallake kwanakin shida. Dogon ƙaurace wa juna da sunan tara ƙarfi ba ya ƙara komai. Akwai kuma 'yar takardar gwajin fitsari a manyan shagunan magani, mai nuna cewa ƙwai zai fita nan da kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mace ta guji cushe-cushen kayan matsi da wanke can cikin gaba da sabulu ko wani haɗi, domin suna ɓata ruwan da maniyyi ke buƙata, suna kuma jawo ciwo. Ta fara shan ƙwayar folik asid mai maikirogiram 400 kullum tun kafin ciki ya shiga. Ba ta kawo ciki, amma tana kare lakar jariri, wadda ke haɗuwa a cikin makonni huɗun farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba.

To idan an dace da ranakun, wata da watanni, shiru fa? A nan ya wajaba a waiwayi wanda ba a cika tambaya ba. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa, akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko ita kaɗai ko haɗe da ta matar. Ƙarfin kwanciya ba shaida ba ce ta lafiyar maniyyi, haka nan 'ya'yan da aka haifa shekara goma da suka wuce. Maniyyi na ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya nuna, kuma yana son wuri mai ɗan sanyi fiye da sauran jiki, shi ya sa zazzaɓi mai zafi ke iya rage shi na tsawon watanni. Sigari na lalata shi. Tiramadol da kodin na danne sinadarin maza. Allurar ƙarin sinadarin maza da wasu ke yi don gina jiki ko neman kuzari na iya tsayar da shi ɗungurungum. Wanda ya bar waɗannan yau, sai ya ba jikinsa wata uku kafin ya ga bambanci.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya warwarewa. Bututun ƙwai da tsohon ciwon sanyi ya toshe, ko wanda ya lalace bayan ɓari ko haihuwar da ba a kula da ita da kyau ba, babu kalanda ko saiwar da za ta buɗe shi. Al'adar da ke tsallake watanni ita ma alama ce cewa ƙwai ba ya fita a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, don haka ba abin ɓoyo ba ne, ba kuma abin gori ba.

Haihuwa ta Allah ce, neman sani kuwa namu ne. 'Yar'uwa, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranakun da kika ga ruwan nan, ki yi haka wata uku, sannan ki zauna da maigida ku duba tare. Idan shekara ta cika kuna tare babu ciki, ko wata shida in kin kai shekara 35, ku tafi asibiti ku biyu. Maigida, gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen da za a yi wa matarka sauƙi da araha. Don Allah ka fara ba da naka.