Yadda ake auna ƙwarewar likitan tiyata ta motsin hannunsa

Me ya kawo wannan awon?

A al'ada, babban likita ne ke tsayawa a kan mai koyo, ya ga yadda yake yanka da ɗinki, sannan ya ce ya iya ko da saura. Amma malamai biyu na iya kallon hannu ɗaya, kowa ya yanke nasa hukunci. Shi ya sa aka nemi awon da babu son rai a cikinsa.

Yaya ake yin sa?

A Kwalejin Imperial da ke Landan, ayarin Farfesa Ara Darzi ya ƙera wata na'ura mai suna ICSAD. Ana manna wani ɗan ƙaramin abu mai jin motsi a bayan kowane hannu, kwamfuta kuma tana bin sa ta hanyar maganaɗisu. Tana ƙirga lokacin da aikin ya ci, sau nawa hannu ya motsa, da nisan da ya yi yana kai-komo.

Ku dubi mai koyo yana ƙulla zare: ya kama allura, ya saki, ya gyara riƙo, ya sake kamawa. Gwani kuwa sau ɗaya yake ɗaukarta, ta shiga inda ya nufa. Wannan bambancin ne ke fitowa a lissafi. Yanzu har da kyamara ake bin hannun.

Ina ruwan majiyyaci?

Da ruwansa ƙwarai. A 2013, wani bincike a jihar Michigan ta Amurka ya duba bidiyon likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba. Waɗanda suka fi ƙwarewa, kashi 5.2 cikin ɗari na majiyyatansu ne suka samu matsala, na ƙasa kuwa kashi 14.5. Likitoci ne suka ba da makin a wancan binciken, ba na'ura ba, amma ya nuna hannu yana da tasiri a kan warkewa.

To, mai sauri shi ne gwani?

A'a, kuma nan ne nake so ku yi hattara. Na'ura ba ta san ko likita ya yanka wurin da ya dace ba, ba ta san dalilin da ya sa ya dakata da ya ga jijiyar jini ba. A ganina, amfaninta na gaskiya yana ɗakin horo, inda ɗalibi ke ɗinke fatar roba yana ganin makinsa na gyaruwa kafin ya taɓa mutum.

Wa ke biya?

Makarantu da asibitocin koyarwa ne ke saye. Bin hannu da kyamara ya fi arha nesa ba kusa ba, domin injin tiyata irin da Vinci, wanda shi ma ke ajiye bayanin motsi, kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya.