Kwali ya ce 150Mbps, gwaji ya ce 4: ina sauran saurin intanet ɗinka ya maƙale?

Duk wanda ya sayi rawuta ko MiFi a Birnin Kebbi ya kai ta gida Bagudo ya san lambar da ke jikin kwalin, galibi 150Mbps. Sai an saka layi an kunna, a gwada, a ga abin da bai kai 10 ba, da daddare kuma bidiyo ya yi ta juyi bai buɗe ba. Ga mai POS a Lolo ko ɗalibin da ke cike fom a Kaoje, wannan asarar kuɗi ce, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Intanet yana bi ta hannaye da yawa kafin ya iso wayarka, kuma saurin da za ka samu shi ne na hannun da ya fi rauni. Idan ka gano wanne ne, za ka san ko gyaran yana ɗakinka, ko yana wajen kamfani, kafin ka sake kashe ko sisi.

Fara da fahimtar lambar

Mbps na nufin megabit a daƙiƙa ɗaya. Amma girman fim ko manhaja da megabait ake auna shi, wato MB, kuma megabait ɗaya megabit 8 ne. Saboda haka layin da ke ba ka 20Mbps yana sauke 2.5MB ne a daƙiƙa. Fim mai 1GB zai ɗauki kusan minti 7. Idan saurin ya faɗo 2Mbps, fim ɗin nan zai wuce awa ɗaya.

Ita kuwa 150Mbps ta jikin kwali, iyakar abin da na'urar za ta iya karɓa ce idan tana gindin turken sadarwa ita kaɗai, ba kowa a kai. Ba alkawarin kamfanin layi ba ne. Su ma kamfanonin, a tallarsu sukan ce "har zuwa" kaza. Wannan "har zuwa" kamar lambar ƙarshe ce a agogon gudun babur: tana nan a rubuce, amma hanya ce ke yanke gudun da za ka yi.

Turke ɗaya, baki da yawa

Yawancin intanet ɗin gida a yankin nan daga turken kamfanin waya yake zuwa ta iska, ba wayar fayiba aka ja har cikin gida ba. Kowane turke yana da iyakar abin da zai iya bayarwa, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi. Da asuba, mutane kaɗan ne a kai, rabon kowa yana da yawa. Bayan isha'i, lokacin TikTok, ƙwallo da kiran bidiyo, rabon ya ragu. Haka ma ranar kasuwa, idan baƙi suka cika gari da wayoyinsu. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis sun cika fal amma shafi ya ƙi buɗewa: sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba cunkoso ba.

Nisa ma yana da nasa. A karkara kamfanoni sun fi dogara da ƙananan mitoci kamar 700 da 800MHz, domin suna tafiya nesa suna ratsa bango, sai dai ba su ɗaukar kaya da yawa. Manyan mitoci kamar 2600MHz sun fi ɗauka amma ba sa nisa, don haka an fi kafa su a birane. Game da 5G, MTN ta fara shi a 2022, Airtel a 2023, kuma daga manyan birane suka faro. Rawutar 5G a wurin da babu turken 5G, 4G za ta kama kamar kowa, kuɗinka ne kawai ya ƙaru.

Abin da ke bayan turke

Shi kansa turken sai an ciyar da shi. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne, Glo-1, WACS da Equiano ta Google a Legas suke sauka, daga nan a ja fayiba ɗaruruwan kilomita zuwa Arewa. Turakun da fayiba ba ta kai gare su ba, da faranti suke karɓa daga wani turken, shi ma daga wani. Idan masu aikin hanya suka yanke fayiba, ko man janareton wani turke a tsakiya ya ƙare, duk na bayansa za su ji a jikinsu. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da hidimar bankuna suka yi ta tangal-tangal a Najeriya na kwanaki. Ranar ko a saman turke kake zaune, ba abin da rawutarka za ta iya.

Matsalar bakin iyaka

Ƙaramar hukumar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma sigina ba ta san shingen kwastan ba. A garuruwa irin su Lolo da Tsamiya, waya tana iya barin turken Najeriya mai rauni ta kama na tsallake, inda MTN ta Benin, Moov Africa da Celtiis suke aiki. A lura, MTN ta Benin daban take da MTN ta Najeriya duk da sunan ɗaya ne. Datar da ka saya a nan ba ta aiki a can yadda ta saba: ko dai intanet ya tsaya cak, ko a riƙa cirar kuɗin romin daga katinka. Idan ka ga harafin R kusa da sandunan sabis, ko sunan netwok ya sauya, to abin da ya faru ke nan. Shiga saitin waya, wajen zaɓen netwok, ka kashe zaɓen kai-tsaye ka zaɓi kamfaninka da hannu, sannan ka kashe datar romin. Shafin saitin yawancin rawutoci ma yana da wannan.

Yadda za ka gano mai laifi

Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, amma ka sani gwajin yana cin data, kada ka yi ta maimaitawa.

1. Gwada da asuba, da rana, da kuma wajen ƙarfe 9 na dare, na kwana uku. Idan asuba lafiya, dare kuwa babu, cunkoson turke ne. Sabuwar rawuta ba za ta magance shi ba, gwada layin wani kamfani.

2. Gwada kusa da rawutar, sannan a ɗaki na nesa. Idan bambancin yana da yawa, matsalar Wi-Fi ɗinka ce. Rufin kwano da bango mai kauri suna cinye sigina. Ɗora rawutar sama kusa da taga, ta ɓangaren da turke yake.

3. Duba wayoyi nawa ne a kanta. Idan lambar sirri ta zaga unguwa, canza ta.

4. Karanta sharuɗɗan tsarin da ka saya. Yawancin "data mara iyaka" tana da adadin da idan ka kai, za a rage maka sauri. Danna *323# ka ga abin da ya rage.

5. Kafin ka sayi tsarin wata, ari layin kowane kamfani ka gwada a cikin ɗakinka. Wanda ya fi a Bagudo ba lallai ya fi a Illo ba.

Nawa ne ya isa, kuma wa za a kai wa ƙara?

Ba sai ka samu 150 ba. YouTube na ba da shawarar 2.5Mbps ga bidiyon 720p, da 5Mbps ga 1080p. POS da WhatsApp ba su buƙatar ko haka, abin da suke so shi ne layin da ba ya yankewa. Ma'aunin da ya fi dacewa ka riƙe shi ne na gwamnati: Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin aƙalla 25Mbps a birane da 10Mbps a karkara. Buri ne, ba doka ce a kan kowane layi ba, amma yana nuna abin da ya kamata mutumin Bagudo ya sa rai da shi.

A Birtaniya, tun Mayun 2018, saurin da kamfanin intanet na gida zai tallata dole ya zama wanda aƙalla rabin kwastomominsa ke samu a lokacin cunkoson dare. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka yi wa mai shago: nawa ake samu a unguwarmu da daddare? Masu hali suna komawa Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kuma ba ya buƙatar turke, amma na'urarsa da kuɗin wata suna da tsada, yana son wuta a kai a kai, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana taɓa shi.

Idan gwajinka ya nuna matsalar daga kamfani take, ɗauki hoton sakamakon da rana da lokaci, ka kira 300 ka shigar da koke, ka karɓi lambar koken ka ajiye. Idan ba a gyara ba, kira NCC kyauta a 622 ka ba su lambar. Ka sa maƙwabta su ma su kira, domin koke ashirin daga unguwa ɗaya ya fi saurin kawo injiniya fiye da na mutum ɗaya.