"Injin ya lalace" ko "ka lalata injin"? Yadda kalmar shugaba ke gyara aiki ko ɓata shi

A Hausa muna da hanya biyu ta ba da labarin ɓarna guda. Kana iya cewa "yaro ya fasa tulu", kana kuma iya cewa "tulu ya fashe". Haka karya da karye, haka zubar da zube. Malaman nahawu suna kiran na farko aikatau so-karɓau, na biyu kuma ƙi-karɓau. Tulun dai ɗaya ne, ruwan ma ya riga ya zube, amma jimlar farko ta miƙo maka mai laifi, ta biyu ta ɓoye shi.

Mai karatu, idan kana da ko da mutum ɗaya a ƙarƙashinka, wannan batun nahawu ya shafe ka kai tsaye. Ko tela ne kai mai yara a shago, ko kana da 'yan ƙwadago a gonar rani, ko dillali ne a kasuwar shanu ta Wudil, ko kuwa ke ce shugabar ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, kullum akwai abin da zai lalace, kuma kullum sai an zaɓi kalmar da za a faɗe shi da ita.

Shin kalmar na sauya hukunci?

A shekarar 2010, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky na Jami'ar Stanford a Amurka sun ba mutane labarin wata gobara da ta tashi a gidan cin abinci. Wasu an rubuta musu cewa wata mata ta tuntsurar da kyandir ta kunna wa mayafin tebur wuta. Wasu kuma an rubuta musu cewa kyandir ya tuntsure, mayafin ya kama wuta. Abin da ya faru ɗaya ne. Amma waɗanda suka karanta sigar farko sun fi ɗora wa matar laifi, kuma tarar da suka yanke mata ta fi yawa.

Ka lura, masu yanke hukuncin ba su san ginin jimla ne ya ja su ba. Haka shugaba yake. Idan ka saba cewa "ya ɓata min aiki", tunaninka zai tafi neman wanda za a hukunta. Idan kuma ka saba cewa "aiki ya ɓaci", sai ka ɗauki abin kamar ruwan sama, babu mai tsayar da shi. Duka biyun suna da illa, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan magana ta nufi mutum

A ce injin ban-ruwanka ya buga saboda yaron da ke kula da shi bai duba baƙin mai ba. Abin da ke fara zuwa baki shi ne, "Kai wane irin sakarai ne?" Za ka ji sanyi a ranka na ɗan lokaci. To, me hakan ke yi wa aikin?

A 1996, Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamako 607 daga binciken da aka yi kan gaya wa mutane yadda aikinsu yake. A dunƙule, yin hakan na ƙara ingancin aiki. Sai dai a fiye da kashi ɗaya cikin uku na sakamakon, aikin baya ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da magana ta ɗauke hankalin mutum daga kan aikin ta mayar da shi kan kansa, amfaninta na raguwa. Yaron da ka kira sakarai ya daina tunanin baƙin mai, tunanin mutuncinsa yake yi, da yadda zai kare kansa.

Abin mamakin shi ne har yabo na iya yin wannan ɓarna. A 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yaran aji biyar na firamare wasu tambayoyi. Wasu aka yaba musu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya kowa ya sha kaye, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya, aikinsu na gaba ya ragu, kuma sun fi yin ƙarya game da makin da suka samu. Wanda aka naɗa wa rawanin "gwani" yana tsoron abin da zai tuɓe masa shi.

Kuskuren da ba ya zuwa kunnenka

Babbar asarar tana nan. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin rukunan ma'aikatan jinya a asibitoci biyu, ta wallafa a 1996. Ta yi zaton rukunin da ke da shugabanci mai kyau shi zai fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Sai alƙaluma suka nuna akasin haka: su ne aka fi rubuta wa kurakurai. Da aka bi diddigi, sai aka ga a waɗannan rukunan ma'aikata ba sa tsoron faɗin kuskure, a sauran kuwa ɓoyewa ake yi. A 1999 ta sake nazarin rukuni 51 a wani kamfanin ƙere-ƙere, ta nuna cewa inda mutane suka aminta ba za a wulaƙanta su don sun yi tambaya ko sun faɗi kuskure ba, sun fi koyo, aikinsu kuma ya fi kyau.

Ɗora wannan a kan al'adarmu. Dama can yaro yana jin nauyin maigida, ɗalibi yana jin nauyin malami. Kunya abu ne mai kyau, amma idan ta haɗu da tsoron zagi, sai ka zama kai ne na ƙarshen jin labari. Yaron ya ji injin ya sauya ƙara tun jiya, ya yi shiru. Yarinyar ta ga ta yanka shadda ba daidai ba, ta naɗe ta tura ƙasan tebur sai ana gobe Sallah. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wurin aiki, mai ɗakin sau da yawa shi ne ƙaramin ma'aikaci.

Idan magana ba ta nufi kowa ba

To, sai mu koma "injin ya lalace" ke nan? Nan ma akwai tarko. Hausa na da ƙananan kalmomi masu daɗin fakewa: an, a, za a. "An bar famfo a buɗe." "A gyara wurin nan." "Za a duba." Suna da amfani wajen sakaya zance da kiyaye girman mutum, amma a bakin shugaba suna iya barin aiki babu mai shi.

A 1968, John Darley da Bibb Latané sun sa ɗalibai sun ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin ɗari sun tashi neman taimako kafin muryar ta ɗauke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 ne kacal. Kowa na zaton wani zai yi. Idan ka tsaya gaban mutum biyar ka ce "a gyara", ka haɗa irin wannan yanayin da bakinka.

Hanya ta uku

Dabarar ita ce ka raba abin da ya wuce da abin da ke gaba. Kan abin da ya wuce, yi magana a kan aikin: "Yaya aka yi man ya ƙare ba a gani ba? Yaushe aka duba na ƙarshe?" A nan "aka" ta yi rana, domin ta ba yaron damar faɗin gaskiya ba tare da ya ji an tsare shi ba. Wataƙila ma ka gano babu wanda ya taɓa nuna masa inda ake dubawa.

Kan abin da ke gaba kuwa, kira suna, ka faɗi lokaci: "Daga gobe, kai za ka duba mai kowace safiya kafin ka tayar da injin, ka zo ka gaya min." Wajen yabo ma haka: maimakon "kai gwani ne", ka ce "yadda ka auna sau biyu kafin ka yanka, shi ya sa wuyan rigar ya zauna." Yanzu ya san abin da zai maimaita. Idan kuma wani ya kawo maka labarin kuskurensa da kansa, kalmarka ta farko ta zama "gara da ka faɗa da wuri". Sauran yaran suna saurare, kuma daga amsarka za su yanke ko su ma za su faɗa.

Kada a zuzuta

Kalma ba layar tsari ba ce. A 2019, David Yeager da abokan aikinsa sun gwada wani gajeren darasi na sauya tunani a kan ɗalibai fiye da 12,000 a makarantun Amurka, aka wallafa a mujallar Nature. Makin ɗalibai masu rauni ya ƙaru, amma da 0.10 kawai a ma'aunin da ke tsayawa kusan 4. Ƙari ne na gaske, sai dai kaɗan ne. Daɗin baki ba zai biya albashin da aka riƙe ba, ba zai sayi kayan aikin da babu ba, kuma ma'aikata suna saurin gane shugaban da ya sauya kalma bai sauya hali ba. Mai yin ɓarna da gangan, hukuncinsa na nan.

Abin da kalma ta fi sauran gyare-gyare da shi shi ne ba ta cin ko kwabo, kuma kana furta ta sau da yawa a yini. Gwada wannan na mako guda: duk lokacin da wani abu ya lalace, riƙe jimlar farko da ta fito daga bakinka, ka rubuta ta da dare. Ranar Juma'a ka ƙirga: nawa suka nufi mutum, nawa ba su nufi kowa ba, nawa suka nufi aikin? Daga nan za ka san irin labarin da yaranka suke kawo maka, da wanda suke riƙewa.