Motar da Ke Ciwo a Paris, Ta Warke a Lyon

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma ban yarda ka leƙa ƙarshen shafi ba. Mota guda ce, direba guda, mai iri guda. Idan ta kwana a Paris, wata safiyar sai ta tashi tana karkarwa, tana shaƙewa, fitilar inji mai ruwan ɗorawa tana ƙiftawa a gaban direba. Idan ta kwana a Lyon, tashi ɗaya take yi, lafiya lau, ba tari ba atishawa. Tsakanin garuruwan nan kimanin kilomita 460 ne a kan babbar hanyar A6. To, mene ne yake Paris wanda babu shi a Lyon? In ka gaza sai ka ba ni gari. Amma dakata tukuna, mu fara tara waɗanda ake zargi.

Motar ta wani Alhaji ce, mutumin Maraɗi, mai ɗaukar kayan miya da atamfofi daga shagunan Château Rouge a arewacin Paris zuwa unguwar Guillotière ta Lyon. Ƙirar 2003 ce, mai shan fetur, silinda huɗu, kujera bakwai. Irin motocin iyalin nan ne masu gajeren hanci, waɗanda Faransawa suka ƙwallafa wa rai tun da Renault Espace ta fito a 1984. Ta Alhaji dai ba zan faɗi gidan da ta fito ba. Abin da ya hana shi barci shi ne binciken lafiyar mota, wanda doka ta wajabta a Faransa tun 1992, wanda a yau ake yi duk shekara biyu ga motar da ta wuce shekara huɗu. Ka je wa masu binciken da fitilar inji a kunne, su maido ka, su ba ka wata biyu ka gyara ka dawo. Lokacin binciken ya matso. Ka riƙe maganar gajeren hancin nan a ranka, za mu neme ta.

Wanda aka fara kamawa shi ne mai. Kullum shi ake fara kamawa, a Kano ko a Paris. Abokan Alhaji suka ce ai fetur ɗin SP95-E10 ne, wanda ya shigo gidajen man Faransa a 2009, mai ɗauke da sinadarin itanol har zuwa kashi 10 cikin 100, tsohon inji ba ya son sa. Maganar ta shiga kunne. Alhaji ya ƙona abin da ke tanki, ya cika da SP98 mai tsada, yana ƙunƙuni. Washegari mota ta tashi sumul a Paris. Aka yi ta barka. Ba a rufa mako ba ta koma gidan jiya, da tankinta cike da mai mai tsada.

Sai ni da Alhaji muka nufi wani dattijon bakanike, mutumin Damagaram, da ke da ɗan gareji a bayan garin Lyon. A nan abin haushin yake. Motar ta bar Paris tana ɗingishi, kafin ta kai shingen biyan kuɗin hanya na Fleury-en-Bière ta ware. Ta wuce Auxerre, ta hau tudun Bessey-en-Chaume kusa da Beaune, mita 565, wuri mafi tsayi a hanyar, ko gezau. Ta yi cunkoson ramin Fourvière, ta kwana biyu tana yawon kai kaya, fitila ma ta mutu da kanta. Dattijo ya saurari inji, ya dubi Alhaji ya ce, “Alhaji, mara lafiyar fa? Wannan ai ta fi ni ƙoshin lafiya.”

Sai dai mota ba ta iya ɓoye sirri tun da aka sa mata kwamfuta. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2001 duk sabuwar motar fetur tana da wata kafa mai haƙora 16 kusa da direba, inda ake soka na'urar bincike. Fitila takan mutu idan mota ta yi tafiya uku a jere ba matsala, amma rubutun laifin yana nan a ajiye. Dattijo ya soka na'ura. Ta fito da P0304. Fassararsa: silinda ta huɗu tana fashin wuta. Da P0300 ce, da mun ce fashin na kowa da kowa ne. Yadda kwamfutar ke ganewa ma abin sha'awa ne. Ba ta ganin cikin silinda. Juyin kiranshaf take ƙirgawa. Duk silindar da ta kama wuta sai ta ƙara wa juyin ɗan hanzari, wadda ta yi fashi kuwa sai a ji ɗan sanyin jiki daidai layinta. Da wannan aka wanke mai, domin gurɓataccen mai ba ya zaɓar silinda guda ya bar uku. Na'urar ta ƙara mana wani abu: a lokacin da laifin ya auku, ruwan inji da sanyinsa.

Ga kuma gargaɗin dattijo. Fitilar da ta tsaya cak tana cewa ka zo a duba. Wadda ke ƙiftawa tana cewa ka sassauta yanzu. Man da bai ƙone a silinda ba yakan gangara ya ƙone a cikin matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ya narkar da ita, kuma kuɗinta ya isa ya sa mai tsohuwar mota ya sallama ta a tura Kwatano.

Silinda na bukatar abu uku: wuta, mai, da matsi. Muka fara da wuta. Dattijo ya zare fulogi huɗu ya jera a kan tsumma. Duk sun tsufa, bakinsu ya buɗe. Na huɗun yana da ɗan jan tsatsa a wuyansa, ta waje. Dattijo ya juya shi, ya sake juyawa, ya jefa shi aljihu bai ce uffan ba. Aka sa sababbi. Alhaji ya koma Paris da murna. Kwana kaɗan sai ga waya da sassafe: “Malam, ta fa sake.”

Saura kwayil. A irin wannan inji kowace silinda da nata, a zaune a kan fulogi cikin wani rami mai zurfi. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Ka ɗauke na huɗu ka kai ɗaya, ka kawo na ɗaya huɗu. In kwayil ne mai laifi, laifin zai bi shi, lamba ta koma P0301. Wannan dabara ta fi sayen sababbin kaya a makance, abin da ke cinye aljihun masu tsofaffin motoci a ko'ina. Aka musanya. Aka jira Paris ta yi aikinta. Na'ura ta sake magana. P0304. Laifi bai bi kowa ba, yana zaune a ɗakinsa.

Nozul ɗin mai? Aka musanya shi ma. Shiru. Huɗu dai.

Yanzu fuskar Alhaji ta canza, don saura matsi, kuma kowa ya san sunan da ba a son faɗa. Gasket ɗin kan inji. In ya fara cinyewa, ruwan lagireto yakan tsattsafa cikin silinda da dare, mota ta tashi da fashin wuta da safe, in ta yi zafi ta ware. Ka ga alamun? Silinda guda. Inji da sanyi. Warkewa a hanya. Komai ya zauna daram. Aikin kuwa sai an ɗaga kan inji, kuma a Faransa awa-awa ake biyan bakanike. Dattijo ya ɗaura ma'aunin matsi. Ta ɗaya, lafiya. Ta biyu, lafiya. Ta uku, haka. Ta huɗu. Allura ta hau. Ta tsaya daidai da 'yan'uwanta. Ruwan lagireto bai ragu ba. Baƙin mai bai yi fari ba. Kuma gasket bai san Paris ba, bai san Lyon ba.

Waɗanda ake zargi sun ƙare. Mai laifi bai fito ba.

Dattijo ya aje sifana, ya jawo benci. Ya daina tambayar mota, ya koma tambayar mai ita. “Alhaji, ran da take tashi da ciwon nan, yaya garin yake kwana?” Alhaji ya yi tunani. Ya ce kamar dai in an kwana ana ruwa ne. Na yi caraf na ce ai a Lyon ma ana ruwa, watan Nuwamba ne. Dattijo bai kula ni ba. “A Lyon ina take kwana?” A garejin ƙarƙashin bene, gidan ƙaninsa. “A Paris fa?” A bakin titi. “Ƙarƙashin me?”

Alhaji ya yi shiru. Sannan ya ce, “Bishiya.”

Dattijo ya ciro tsohon fulogin nan daga aljihu ya aza a tafin Alhaji. Tsatsa ta waje. Wuta ba ta kawo tsatsa, mai ba ya kawowa. Ruwa ne ya taɓa kwana a ramin nan. Ya buɗe bonet, ya sa aka hau da ƙafafun gefe guda kan katako don motar ta karkata yadda take karkata a bakin titi, ya miƙo mini jarka ya ce, “Yaro, zuba a gilashin gaba, a hankali.” Na zuba. Ruwa ya gangara ƙarƙashin waifa ya ɓace. Muka zura ido a ƙasan mota. Ko ɗigo bai sauka ba. Na ƙara. Can sai ga shi ya tumbatso ta bakin wata tsohuwar roba, ya bi gefen ƙarfe, ya taru, ya yi nauyi. Ɗis. A kan kwayil na huɗu. Ɗis.

Ga yadda abin yake. Ƙarƙashin gilashin gaba akwai kwatami mai tare ruwan sama, da 'yan magudanai a gefe masu zubar da shi ƙasa ta bayan taya. Dattijo ya cire murfin kwatamin, ya zura hannu, ya dinga fito da baƙar laka da ganye, cikin hannu bayan cikin hannu. Ganyen bishiyar platane ne, wadda ta fi kowace yawa a titunan Paris, mai faɗi, mai kauri, mai wuyar ruɓewa, kuma a Oktoba da Nuwamba take zubar da shi. Magudanai sun toshe. A mota mai dogon hanci da ruwan ya zuba a wani wurin. A mai gajeren hanci kuwa inji a cushe yake ƙarƙashin kwatamin, kamar murhun da aka girka daidai bakin indararo. Karkatar titi ta tura ruwan gefe guda, robar da ke rufe bakin ramin fulogi ta bushe don tsufa, ruwa ya sami hanya.

Sauran aikin na lantarki ne. Kwayil na harba wuta mai ƙarfin dubban bolt don ta tsallake ɗan gibin bakin fulogi a cikin matsi. Wuta kuwa ba ta son wahala. In ta sami jiƙaƙƙen jikin fulogi, sai ta bi ta waje ta sauka a ƙarfen inji, cikin silinda ya zauna a duhu. Shi ya sa musanya kwayil bai kai laifin ko'ina ba: ramin ne ke jiƙewa, ko wa aka sa a ciki. Shi ya sa kuma dattijo bai taɓa ganin ruwan ba. Gudun A6 yakan gasa inji ya ƙafar da shi tun kafin Auxerre, mota ta iso Lyon ta goge shaida, ban da tsatsar da ta bari. Safiyar da SP98 ya sha yabo kuwa, ba a yi ruwa ba ne a daren.

Aka zura waya aka buɗe magudanai, aka busa ramin da iska, aka sake robobi. Mota ta kwana a ruwan Paris ta tashi lafiya, ta kuma ci binciken.

Irin waɗannan motoci da yawa suna ƙarewa a hannunmu ta tashar Kwatano. A Kano da Maraɗi babu platane, amma akwai ƙurar hunturu da ganyen darbejiya, ga kuma masu wankin mota da ke fesa wa inji ruwa da ƙarfi. In taka ta fara fashin wuta bayan ruwan farko ko bayan wanki, kafin ka yarda a ɗaga kan inji, sa a ciro fulogi a dubi wuyansa, sannan a zuba jarkar ruwa a gilashin gaba a ga inda zai fita.