Wasan Eyasof: Asalinsa, Tsarinsa da Matsayin Gaskiya a Cikinsa

Gabatarwa

Eyasof wasa ne na ƙungiya wanda ake yi da bindigogin kwaikwayo masu harba ƙananan ƙwayoyin roba ta hanyar ƙarfin iska. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana asalin wasan da kayan yin sa da yadda ake gudanar da shi, sa'an nan ta duba matsalar da ke tattare da shi.

Asalin Wasan

Mahaifar wannan wasa ita ce ƙasar Japan. A shekarar 1958 aka kafa dokar da ta tsananta wa farar hula wajen mallakar bindiga da takobi a ƙasar. Ganin cewa sha'awar bindiga ba ta fita daga zukatan mutane ba, sai maƙera suka shiga ƙera masu kama da ta gaske, amma ba su ɗaukar harsashi. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 abin ya bunƙasa har ya zama wasa tsakanin ɓangarori biyu, kana ya yaɗu zuwa Hong Kong da Taiwan, daga bisani kuma Ingila da Amurka. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da bindiga mai aiki da batir, wadda ta sauya fasalin wasan ƙwarai.

Kayan Wasa

Bindigogin iri uku ne. Akwai mai sifirin, wadda sai an ɗana ta kafin kowane harbi. Akwai mai gas. Akwai kuma mai batir, wadda ƙaramin inji ke matse mata iska. Faɗin ƙwayar da ake harbawa milimita 6 ne, nauyin wadda aka fi amfani da ita kuwa giram 0.20 zuwa 0.30. Idan ƙwaya mai giram 0.20 ta fita da gudun mita 100 a daƙiƙa, ƙarfinta jul 1 ne kacal, alhali harsashin ƙaramar bindiga ta gaske yana ɗauke da ɗaruruwan jul. Haka kuma akwai ɗan roba a cikin bututun bindigar wanda ke sa ƙwayar ta riƙa juyawa baya, wannan juyi shi ke tallafe ta a iska har ta yi nisa.

Duk da rashin ƙarfinta, ƙwayar tana iya tsiyaye ido ko karya haƙori. Saboda haka tabarau mai kauri wajibi ne, kuma akan auna gudun kowace bindiga kafin a shiga fili.

Yadda Ake Wasan

Akan raba 'yan wasa gida biyu, kowane ɓangare da ƙyallen da zai ɗaura a damtse domin shaida. Fagen kuwa daji ne, ko tsohon gini, ko fili da aka kakkafa wa shingaye. Wani lokaci manufa ita ce ɗauko tutar abokan karawa, wani lokaci kuma tsare wani wuri har lokaci ya cika. Jarumtar mutum ɗaya ba ta cika kai ƙungiya ga nasara ba, domin sai wasu sun riƙa harbi don kare masu matsawa gaba, wasu su zagaya ta gefe, wani kuma ya zama mai jinya wanda taɓawarsa ke mayar da wanda aka harba cikin wasa.

Matsayin Gaskiya

A nan ne eyasof ya bambanta da takwaransa na harba ƙwayar fenti, wanda aka fara a Amurka a 1981. Fenti yana barin tabo a riga, ƙwayar roba kuwa ba ta barin komai. Ke nan wanda aka sama shi zai ɗaga hannu, ya yi shelar cewa an same shi, ya fita. Akwai alƙalan wasa, amma idonsu ba ya kaiwa kowane lungu. Idan mutum ɗaya ya ci gaba da harbi bayan an same shi, abokan karawa za su daina yarda da kowa, wasan kuma ya rikiɗe zuwa gardama. Wannan ne ya sa ake korar mai irin wannan hali daga fili.

Matsalar Kama da Bindigar Gaske

Kamannin da suka jawo wa wasan farin jini su ne kuma haɗarinsa. A 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland na Amurka, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda ba ta da alamar ruwan lemo da ake sa wa bakinta. Japan ta ƙayyade ƙarfin bindigogin a 2006, ya zama ƙasa da jul 1. Ingila ma ta yi dokar da ta taƙaita sayar da masu kama da na gaske, wadda ta fara aiki a 2007.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa eyasof ya dogara ne ga abubuwa uku: haɗin kan ƙungiya, da faɗin gaskiya ko da babu mai gani, da kuma tsare bindigar a cikin jaka har sai an isa fagen wasa.