Tarihin Kokawar Talabijin a Matsayin Wasan Nishaɗi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa a filin makarantar firamare lokacin tara, da wuya a ce bai ga yara biyu sun sarƙe juna ba, ɗaya yana kiran kansa John Cena, ɗayan yana cewa shi ne Undertaker. Abin da yaran suke kwaikwayo shi ne kokawar da ake nunawa a talabijin, wadda aka fi sani da resilin. Wannan babi zai yi bayanin ma'anar wannan kokawa da asalinta, da yadda talabijin ya sauya mata kamanni, da yadda ta watsu a duniya. Daga ƙarshe za a kwatanta ta da kokawar gargajiya ta Hausa, sannan a nuna abin da ya wajaba malami ya sani game da ita.

2.0 Ma'anar Kokawar Talabijin

Kokawar talabijin wasa ne da ya haɗa motsa jiki da wasan kwaikwayo. Ana yin ta a kan dandamali mai kusurwa huɗu wanda aka zagaye da igiyoyi, akwai alƙalin wasa, akwai kuma kambun da ake nema. Sai dai tun kafin 'yan kokawar su hau dandamali, masu shirya wasan sun riga sun yanke wanda zai yi nasara da kuma yadda karawar za ta ƙare. Ke nan 'yan kokawar biyu abokan aiki ne, kowanne yana taimakon ɗan'uwansa domin kayen ya yi kyau a idon mai kallo.

A kowane labari akan sami jarumin da jama'a ke so, da kuma mugu mai ha'inci wanda aikinsa shi ne ya sa a tsane shi, tamkar dai yadda masu kallon fim ke cewa akta da bos. 'Yan sana'ar suna da wata al'ada ta ɓoye wannan shiri da suke kira kefeb. A da, saboda wannan al'ada, jarumi da mugu ba sa yarda a gan su tare a bainar jama'a, ko da kuwa aminan juna ne. Masanin adabin nan na Faransa, Roland Barthes, ya yi nazarin wannan kokawa a littafinsa Mythologies na 1957, inda ya ɗauke ta a matsayin abin kallo da ke nuna wahala da sakayya, kamar yadda wasan kwaikwayo ke yi.

3.0 Asali

Tushen wannan kokawa yana Amurka, bayan yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865. A wancan zamani masu yawo gari-gari da wasannin ban mamaki sukan tafi da 'yan kokawa, su ƙalubalanci duk wanda yake jin ƙarfi daga cikin 'yan kallo. Salon da suka fi amfani da shi ya fito ne daga yankin Lankasha na Ingila, wanda ya ba ɗan kokawa damar kama kowane sashe na jikin abokin karawarsa. A farkon ƙarni na 20 sana'ar ta yi tashe ƙwarai, musamman da Frank Gotch ya kada George Hackenschmidt a birnin Shikago a 1908, ya kuma sake kada shi a 1911.

Amma kokawar gaske tana da matsala ga mai neman kuɗi. Gwanaye biyu suna iya shafe sa'o'i a ƙasa suna riƙe da juna, har masu kallo su gaji su watse. Saboda haka a shekarun 1920 wasu mutum uku, wato Ed Lewis da Billy Sandow da Toots Mondt, suka tsara sabuwar hanya. Suka ƙayyade lokacin karawa, suka shigo da kaye masu ban sha'awa, suka kuma riƙa tsara sakamako ta yadda karawar yau za ta sa mutane su dawo kallon ta gaba. A 1948 masu shirya wasanni suka kafa ƙungiyar NWA, suka raba Amurka yanki-yanki, kowa da nasa, tare da amincewa da zakaran duniya guda ɗaya da zai riƙa zagayawa.

4.0 Shigowar Talabijin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gidajen talabijin na Amurka sun sami kansu da sa'o'i masu yawa da ƙarancin shirye-shirye. Kokawa ta dace da bukatarsu domin dalilai uku. Na farko, ba ta da tsada. Na biyu, dandamalin ƙarami ne kuma fitilu sun haskaka shi, kyamara ɗaya ko biyu sun isa. Na uku, ko wanda bai san dokar wasan ba zai gane mai zalunci da wanda ake zalunta. Daga 1949 zuwa 1955 tashar DuMont ta riƙa watsa kokawa daga zauren Marigold na Shikago zuwa birane da dama.

Talabijin ya sauya abin da ake nema daga ɗan kokawa. Ƙarfi kaɗai ya daina isa, sai an haɗa da iya magana da ado da jan hankali. Wanda ya fara cin moriyar haka shi ne George Wagner, mai laƙabin Gorgeous George. Yakan rina gashinsa, ya sa doguwar riga mai ƙyalli, ya shigo ana kiɗa, baransa yana fesa turare a dandamali. Mutane sun tsane shi, amma tsanar ce take sa su kunna akwatin domin su ga ranar da za a wulaƙanta shi. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda ya haɗu da shi a 1961, ya sha faɗin cewa daga gare shi ya koyi cika baki domin tara 'yan kallo.

5.0 Yaɗuwa Zuwa Wasu Ƙasashe

Kowace ƙasa ta yi wa wannan kokawa irin tata fassarar. A Japan, Rikidozan, tsohon ɗan kokawar sumo wanda asalinsa ɗan Koriya ne, ya zama gwarzon ƙasa. A 1954 ya kara da wasu 'yan'uwa biyu masu suna Sharpe, waɗanda aka gabatar a matsayin Amurkawa. Da yake mutane kaɗan ne suke da talabijin a gida, dubban jama'a sun yi dafifi a gaban akwatunan da aka kafa a tituna. Ganin ɗan ƙasa yana kada Turawa, shekara tara kacal bayan Amurka ta ci Japan da yaƙi, ya sanyaya zukatan mutane da yawa. Bayan rasuwarsa a 1963, almajiransa biyu, Giant Baba da Antonio Inoki, kowanne ya kafa kamfaninsa a 1972.

A Birtaniya, tashar ITV ta fara nuna kokawa a 1955, daga baya ta mayar da ita abin kallon yammacin Asabar, inda Big Daddy da Giant Haystacks suka yi suna, har aka daina a 1988. A Meksiko kuwa, inda aka kafa babban kamfanin kokawa tun 1933, an fi ba da muhimmanci ga rufe fuska. Gwarzonsu El Santo ya fito a finafinai fiye da 50, kuma da ya rasu a 1984 an binne shi da abin rufe fuskarsa.

6.0 Zamanin Manyan Kamfanoni

A 1982 Vince McMahon ya sayi kamfanin WWF daga hannun mahaifinsa. Ya lura cewa tashoshin da ke aika hoto ta waya da tauraron ɗan'adam ba su san iyakar yanki ba, don haka ya yi watsi da tsohuwar yarjejeniyar rabon yankuna, ya riƙa ɗauke taurarin wasu kamfanoni. Babban tauraronsa shi ne Hulk Hogan, wanda ya karɓi kambu daga Iron Sheik a watan Janairun 1984, kuma ya rasu a 2025. A ranar 31 ga Maris 1985 aka yi bikin WrestleMania na farko a New York. A karo na uku, a 1987, kamfanin ya sanar da cewa mutum 93,173 suka halarta domin ganin karawar Hogan da Andre the Giant.

A 1989 kamfanin ya tabbatar wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗantarwa ne, ba gasa ba. Manufarsa ita ce ya kauce wa dokoki da kuɗaɗen da hukumomin wasanni ke ɗora wa gasa ta gaske. Asirin da aka daɗe ana ɓoyewa ya fito fili, amma masu kallo ba su gudu ba. Wannan ya nuna cewa labarin ne yake riƙe da su.

Gasa mafi zafi ta auku ne tsakanin kamfanoni. Attajiri Ted Turner ya kafa WCW a 1988. WWF ya fara shirin Raw na daren Litinin a 1993, shi kuma WCW ya fito da Nitro a 1995, a rana ɗaya da lokaci ɗaya. Tsakanin 1996 da 1998 Nitro ya yi mako 83 a jere yana rinjayar Raw a yawan masu kallo. WWF ya farfaɗo ta hanyar taurari irin su Steve Austin da The Rock, da labarai masu yawan ashar da zubar da jini, har ya saye WCW a 2001. A 2002 ya koma WWE, bayan shari'a da wata ƙungiyar kare namun daji mai haruffan suna iri ɗaya. An sami sabon abokin hamayya, AEW, a 2019. McMahon ya yi murabus a 2024, kuma a watan Janairun 2025 shirin Raw ya koma Netflix, wato ya bar tashar talabijin zuwa intanet.

7.0 Illolin Sana'ar

Tsara sakamako bai kawar da haɗari ba. Wanda aka ɗaga aka maka da ƙasa, da gaske ya faɗi, sai dai ya shafe shekaru yana koyon yadda ake faɗuwa. Duk da haka karaya da buguwar ƙwaƙwalwa sun yi yawa. A ranar 23 ga Mayu 1999 Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure lokacin da ake sauko da shi da igiya, ya rasu. Shan ƙwayoyin ƙara tsoka da na kashe zafin ciwo ya gajarta rayuwar 'yan kokawa da dama. Bayan rasuwar Eddie Guerrero a 2005 ne WWE ya kafa tsarin gwajin ƙwayoyi a 2006.

Wata illar ita ce yadda ake siffanta al'ummu. Sau da yawa akan mayar da baƙo mugu. Kamala, wanda aka nuna a matsayin ɗan daji daga Uganda, Ba'amurke ne daga jihar Misisipi mai suna James Harris. Haka kuma lokacin rikicin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, an sa Sgt. Slaughter ya fito a matsayin mai goyon bayan Iraƙi domin a tunzura masu kallo. An sami sauyi daga baya, domin a 2019 Kofi Kingston, haifaffen Kumasi ta Ghana, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe babban kambun WWE.

8.0 Kwatanci da Kokawar Gargajiya

Bahaushe ya san kokawa tun kafin zuwan talabijin. Akan yi ta da kaka bayan an kawar da amfanin gona, da makaɗa da maroƙa, kuma a Jamhuriyar Nijar ana gasar neman takobi ta ƙasa tun 1975. Kokawar biyu sun yi tarayya a wasu abubuwa: kiɗan da ke tsuma ɗan wasa, da laƙabi, da shiga ta musamman, da cika baki, wanda a wurin Bahaushe kirari ne. Inda suka rabu shi ne, a kokawar gargajiya ba wanda ya san mai nasara sai an yi kaye, kuma da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare. A ta talabijin kuwa kaye farkon labari ne, domin an shirya a faɗi a tashi sau da yawa. Saboda haka ta fi kusa da wasan kwaikwayo, tun da tana da jigo da zubi da taurari.

9.0 Kammalawa

An ga yadda kokawa ta tashi daga hannun masu yawo gari-gari ta zama babbar sana'a, da yadda talabijin ya fifita labari a kan ƙarfi. Yaron da yake kallo bai san wannan tarihi ba, shi ya sa yakan ɗauka cewa ana iya dira a wuyan mutum ya tashi lafiya. Kamfanin WWE da kansa yakan sa gargaɗin kada a gwada abin da aka gani a gida ko a makaranta, amma gargaɗin da Turanci ne. Aikin malami ne ya fahimtar da ɗalibai cewa shiri ne na ƙwararru, ya hana kwaikwayonsa a filin makaranta, sannan ya yi amfani da sha'awar da suke da ita wajen koyar da sigogin wasan kwaikwayo da kirari.

10.0 Auna Fahimta

1. Me ake nufi da kefeb, kuma me ya faru da shi a 1989?
2. Kawo dalilai uku da suka sa gidajen talabijin na farko suka rungumi kokawa.
3. Yi bayanin dalilin farin jinin Rikidozan a Japan.
4. Kwatanta kokawar talabijin da kokawar gargajiya ta Hausa.
5. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji shida a kan haɗarin kwaikwayon abin da ake gani a talabijin.