Kariya Ba Maganin Hawan Jini Ba Ce: Gyara ga Saƙon Bonsai da Ke Yawo a Daura

Wani dogon saƙo na ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Daura, daga zauren dangi zuwa na tsofaffin ɗalibai, har ya kai Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. A samansa akwai hoton wata 'yar bishiya cikin kasko, gindinta ya yi ƙiba kamar tulu, kanta cike da jan fure. Saƙon na koyar da yadda mutum zai mayar da kariyar da ke tsakar gidansa ta zama bonsai, wato ƙananan itatuwan nan da mutanen Japan ke reno a kasko, su shekara da shekaru ba su wuce kamu biyu ko uku ba, amma siffarsu ta tsohuwar bishiya.

Da a nan ya tsaya, da ban ce uffan ba. Sha'awa ce mai kyau, kuma a gari irin namu da ke fama da kwararowar hamada, duk abin da zai sa yaro ya so itace abin maraba ne. Amma a ƙarshen saƙon an ƙara da cewa kada a zubar da saiwa da rassan da aka datse. Wai a shanya su, a daka, a jiƙa ko a tafasa a riƙa sha, maganin hawan jini ne da ciwon zuciya, ruwan da ke fita daga reshen kuma a ɗiga a kogon haƙori. Wanda ya rubuta wannan bai sa sunansa ba, kuma da alama bai taɓa kai kofin bakinsa ba.

Sauran maganganun saƙon ba su da nauyi. Babu wani irin bonsai na musamman da sai an yi odarsa daga Japan. Itacen da kowa ya sani ne, ƙanƙantar kasko da datsar saiwa da rassa ke hana shi tsawo. Zuba wa shuka ruwan gishiri ko baƙin mai don ta tsumbure kashe ta kawai zai yi. Batun cewa ajiye bonsai a gida na jawo talauci camfi ne. Shi kuwa alkawarin a gama cikin wata uku a sayar da miliyoyi, ya isa a san cewa shahararren bonsai ɗin da ke lambun gwamnati a birnin Washinton, wanda wani Bajapane mai suna Masaru Yamaki ya ba Amurka kyauta a 1976, tun 1625 ake renonsa, kuma yana birnin Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945.

Yanzu ga maganar da ta dame ni. Kariya guba ce, daga saiwarta har ganyenta. Dangi ɗaya suke da tumfafiya da kwankwani, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya san da kwankwani ake haɗa dafin kibiya a ƙasar Hausa. Ita ma kariyar an daɗe ana yin dafin kibiya da ita a sassa da dama na Afirka, ana kuma zuba ta a ruwa don kashe kifi. Yadda ake haɗa dafin shi ne a tafasa saiwa ko itacen har ruwan ya yi kauri. Ke nan tafasawa ba ta kashe gubar, tattara ta take yi. Shanyawa ma ba ta kashe ta. Abin da saƙon ke koya wa iyayenmu shi ne matakin farko na haɗa dafi, bambancin kawai yawan ruwan da ke tukunyar.

Akwai ƙwayar gaskiya da aka gina ƙaryar a kanta, kuma ita ce ke ruɗar mutane. Sinadaran da ke cikin kariya a kan zuciya suke aiki. Suna toshe wata hanya da ƙwayoyin tsokar zuciya ke musayar gishirin jiki ta cikinta, sai zuciyar ta ƙara ƙarfin matsawa, bugunta kuma ya ragu. Akwai maganin asibiti mai irin wannan aiki, sunansa digoksin, daga wata fulawar Turai ake samo shi, wadda wani likitan Ingila, William Withering, ya rubuta littafi a kan 'yar'uwarta a 1785. To amma a duba yadda likitoci ke taka-tsantsan da shi. Ƙwaya ɗaya galibi ba ta wuce kwatan miligiram ba. Ba don hawan jini ake ba da shi ba, sai don raunin zuciya da wani nau'in rikicewar bugunta. Kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa 'yar kaɗan ce, shi ya sa ake auna jinin mai shan sa, a duba ƙodarsa. Wa zai auna abin da ke cikin kofin jiƙon kariya? Ƙarfin gubar ya bambanta daga wannan itace zuwa wancan, daga saiwa zuwa reshe, daga rani zuwa damina. Cokalin da wani ya sha jiya ya tsira da amai, shi ne zai kwantar da wani yau.

Abin takaici, mutanen da aka nufa da saƙon su ne suka fi kowa shiga haɗari. Mai hawan jini sau da yawa dattijo ne, ƙodarsa ta fara gajiya, ba ta saurin fitar da guba. Da yawa suna shan maganin da ke sa yawan fitsari, wanda ke rage sinadarin fotasiyam a jiki, ƙarancinsa kuwa na ƙara wa irin wannan guba kaifi. Wasu kuma suna kan ƙwayoyin da tun asali suke rage saurin bugun zuciya. Sai mutum ya sha jiƙon, ya ji bugun ya yi sanyi, jiki ya mutu, ya ce alhamdulillahi jinin ya sauka, alhali gubar ce ta fara aiki. Alamunta su ne tashin zuciya, amai, gudawa, jiri, kasala, gani ya yi dishi-dishi ko komai ya koma rawaya, bugun zuciya ya riƙa tsallake. Takan ɗauki awoyi kafin ta nuna kanta sosai. A ƙasar Siri Lanka asibitoci sun shafe shekaru suna karɓar mutanen da suka ci ƙwallon wata 'yar'uwar kariya mai rawayan fure, irin wadda ake shinge da ita a garuruwanmu, kuma an yi asarar rayuka da yawa ta wannan hanya.

Ba na ganin laifin Hajiyar da ta karanta ta yarda. Hawan jini ciwo ne na har abada, kuɗin magani kullum hawa yake, ga itace a bakin ƙofa an ce kyauta ne. Kuma gaskiya ne a wasu wurare masu maganin gargajiya kan shafa ruwan kariya a miki ko a haƙori. Sai dai kasancewar an saba yin abu ba ta mayar da shi marar illa, abin da aka ɗiga a baki kuwa wani sashensa ciki yake tafiya. Waɗanda nake jin haushinsu su ne masu ilimin cikinmu, malaman makaranta da ma'aikata da ɗaliban manyan makarantun garin nan, da suka danna turawa ba su karanta zuwa ƙarshe ba, ko suka karanta suka ce ai ba su suka rubuta ba. Idan dattijo ya ga saƙo daga ɗansa mai digiri, sa hannun ɗan nasa yake gani a kai.

Kada kuma a wuce gona da iri. Ba a ce a tumɓuke kariyar gida ba. Taɓa ta ba ya kisa, yawancin mutane idan ruwanta ya taɓa fatarsu ƙaiƙayi ne iyakarsa. Haɗarin yana ga haɗiyewa, da shiga ido, da shiga buɗaɗɗen rauni. Ɗacinta kan sa dabbobi su ƙaurace mata, amma kada a dogara da wannan a watsa yankakkun rassa inda akuya ko yaro mai rarrafe zai kai. Idan ruwan ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta na kamar minti 15, a je a duba. Idan wani ya sha ko ya tauna, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a gani, kada a tura masa yatsa don ya yi amai. A kai shi asibiti nan take ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, a tafi da guntun itacen da ragowar jiƙon da magungunan da yake sha, domin likita ya san zuciya zai sa wa ido.

Mai son bonsai ɗin kuwa, kariya ta dace da ƙasarmu ƙwarai, don tana son rana tana jure ƙishi. Sa safar hannu, ko ka ɗaura leda. Nemi kaskon ƙasa marar zurfi wajen magina, a huda masa ramuka a ƙasa. Haɗa yashi mai tsakuwa da dakakken gawayi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Lokacin aikin shi ne bazara, gab da faɗuwar damina, sa'ad da itacen ke shirin toho. Idan ka yanke reshe da wuƙa mai kaifi za ka ga ruwa mai danƙo ya taru a bakin yankan yana ɗiga. Goge shi da tsumman da za ka binne, ka bar wurin ya bushe a inuwa na wasu kwanaki kafin ya ga ruwa, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Duk lokacin da ka sauya mata ƙasa, ɗaga gindin sama kaɗan, da haka saiwoyin nan masu murɗewa ke bayyana. Da hunturu in ta zubar da ganye, rage ban-ruwa sosai. Yawan ruwa ya fi fari kashe kariya. Ka wanke wuƙar da sabulu, kada ta koma madafa.

Gidan da ke da ƙananan yara, tsamiya ta fi. Ƙwallonta na tsirowa cikin sauƙi, ganyenta ƙanana ne, tana karɓar datsa da lanƙwasawa da waya. Kuka da rumman ma suna yi. A shuka daga iri, kada a je daji a tono 'yan itatuwan da ƙasar Daura ke buƙata.

Roƙona ga duk wanda ya tura wancan saƙo: ka koma zauren da ka tura shi ka janye maganar jiƙon a fili. Sannan ka kira iyayenka da ke fama da hawan jini, ka tambaye su ko sun gani, ka gaya musu da bakinka kada su sha kariya, kuma kada su ajiye maganin da likita ya rubuta musu.